Kukan Keken Baba

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, mahaifinmu kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika wata Laraba da hantsi a ɗakinsa, a gidanmu na zongon Sokode a ƙasar Togo, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce 'yarsa ta biyu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, kuma ni na yi jinyarsa. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa har ta fara ƙona ni.

Na ɗauka na san mutanen Baba. Ashe ko rabinsu ban sani ba. Tun ranar da aka fara zaman makoki tsofaffi suka riƙa shigowa, irin waɗanda ba a ganinsu a biki ko a kasuwa. Ga wani makaho da 'yarsa ta jawo da sanda. Ga wani Bakabiye, ɗan ƙabilar Kabiye, tsohon ma'aikacin gyaran hanya, wanda ba ma addininmu yake yi ba, ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula yana hawaye. Kowannensu in ya gama addu'a sai ya kalli ƙasa, ya faɗi magana iri ɗaya da ta na gabansa: sun zaci Malam ya yi fushi da su ne.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce Bakotokoliya, 'yar ƙabilar garin, daga gangaren rafi. Da rarrafe ta hau dakalin ɗakin mata, ta kama hannuna da nata biyu.

"Yarinya, ka yafe mini a madadin babanka," in ji ta da irin Hausarsu. "Na yi shi zato mugu. Na ce Malam ya samu sabon keke, ya samu sabon mutane. Kullum la'asar ina sa kunne, ba na ji shi. Ni ban sani ba ƙafa ne ya mutu."

Ɗan yayana yana bakin ƙofa a lokacin, ya shigo ɗaukar wa maza buta. Isowarsa ke nan daga Dapaong, hanya ta cinye shi bai sami jana'iza ba. Na ga ya ajiye butar a hankali. Na san ya ji, kuma ba ni da abin da zan yi a kai.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ya ji.

Baba ya sayi kekensa a Kumasi tun yana saurayi mai fataucin goro, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu. Baƙi ne wuluk, dogo, mai sanda, birkinsa na ƙarfe, sirdinsa na fata ya lotsa daidai zaman mai shi. Sarƙarsa a rufe take ruf cikin gidanta, don haka Baba yakan hau da babbar riga ba tare da ya naɗe ko gefe ɗaya ba. Nauyi kuwa kamar jaki ya mutu. Mu biyu muke haɗuwa da ƙanwata kafin mu tsallakar da shi dokin ƙofa.

Keken yana da kuka. Murfin tayar baya ya ɗan saki a wani wuri, duk juyin taya sai ya ce ƙaras, ya ɗan numfasa, ya sake cewa ƙaras. Marigayiya Innarmu ta yi faɗa a kan kukan nan har ta gaji.

"Malam, don girman Allah ka kai a ɗaure abin nan. Mutum da girmansa yana tafe kamar mai tallan gwangwani!"

"Sallamata ke nan," in ji shi. "Mata su ji su gyara lulluɓi, masu faɗa su ji su sassauta, makaho ya ji ya san ni ne. Ke me ya tsone miki ido?"

Wata rana da ya tafi Juma'a da ƙafa, Inna ta kira mai gyara ya ɗaure wurin. Baba ya dawo ya hau, ya je bakin lungu, ya juyo. Ya ƙi cin tuwonta har sai da ta kira mai gyaran da kanta ya sassauta abin da ya ɗaure. Baba ba waliyyi ba ne, taurin kansa ya fi ƙarfen kekensa, kuma mu da muka zauna da shi mun sha.

Da ya bar fatauci ya buɗe ɗan shagon zare da huluna, sai ya zama kullum bayan la'asar yana rufe shago, ya ɗaure ƙunshin goro a kariyar keken, ya shiga unguwanni. Ba ya buga ƙofar kowa. Tafiya kawai yake a hankali cikin lunguna, keken yana ƙaras, ƙaras, wanda ke bukatarsa ya ji ya ƙwala kira ko ya turo a tare shi. Na taɓa tambayarsa gidaje nawa yake zuwa.

"Ni ba na zaɓen gida," ya ce. "Gida ke kirana. Ai sun ce zumunta a ƙafa take, to tawa ƙafar ga ta nan a jingine."

Abin da yake yi a gidajen ba wani babban abu ba ne. Ya zauna, ya fasa goro, ya saurari wadda ɗanta ya tafi Gabon ya yi shiru. Ya karanta wa wani takardar magani. Akwai wasu 'yan'uwa biyu mahauta da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Baba ya riƙa kai wa babban goro yana cewa ƙanensa ne ya aiko, ya kai wa ƙaramin ya ce wansa ne. Ranar da suka haɗu a wata jana'iza kowa ya matso zai yi godiya, asiri ya tonu, suka yi ta dariya har aka harare su. Dukansu biyu sun zo mana ta'aziyya a kan babur ɗaya.

Da sababbin kekuna masu araha suka cika gari, masu launi da giya, Baba ya sa musu suna gwangwanin madara. Har ya ɓata da amininsa mai gyaran keke na bakin kasuwa don ya fara sayar da su. Ina wurin, na kai masa abinci.

"Kai ma ka shiga sayar wa 'ya'yan mutane takarda?"

"Malam, yara suna zuwa lekol karatu, suna zuwa biro aikin ofis. Mai ya yi tsada, zemijan, mashin ɗin haya, ya yi tsada. Wannan ƙarfen naka wa zai iya hawa tudun Sokode da shi in ba kai ba? Bar su su hau abin da suka iya."

Gaskiya amininsa ya faɗa, Baba ma ya sani, shi ya sa ya yi fushi. Ya daina bi ta gaban rumfarsa har sai da tayarsa ta yi faci, dole ta kai shi.

Sai kuma duniya ta juya. Samarin da suka raina tsofaffin kekuna suka fara nemansu ido rufe. Ranar aiki su hau sabon, ranar Lahadi su fito da tsohon, an goge shi yana walƙiya, su jeru a titi suna ɗaukar hoto. Aka riƙa tare Baba a hanya ana taya kekensa. Yakan ce, "In na sayar muku da ƙafata, da me zan koma gida?" Ya ji daɗin abin ƙwarai, kullum sai ya ba mu labari, har da ƙari.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba ba ya iya ce wa a'a. Yayanmu namiji ya rasu ya bar ɗa guda, wanda aka sa wa sunan mahaifin Baba. Don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce Babana. Ya girma ya yi karatu, ya sami aikin biro, wato ofis, a Dapaong. Mutumin kirki ne, ina so a ji wannan da kyau. Ba don yayi kawai yake son keken ba. A kan sandarsa ya girma, Baba yana kai shi makaranta.

Wata Babbar Sallah ya zo da sabon keke shuɗi a saman taksi. A gaban mutane, zaure cike da masu gaisuwa, ya turo shi ya durƙusa.

"Tsoho, na ga ƙarfen nan yana wahalar da kai a tudu. Ga wannan, ba nauyi, yana da giya. Ka huta. Ni kuma ka ba ni tsohon in riƙe, in gyara shi, kada ya lalace."

Jama'a suka ɗauki sa albarka. Wannan ya ce ɗa na gari, wancan ya ce Allah ya ba mu irinsa. Baba ya yi dariya ya ce, "Babana ya zo ƙwace! To uba ya nemi abu a wurin ɗansa, a hana shi? Ɗauka." Kowa ya yi dariya. Ni ina tsaye da tiren nama, na ga hannunsa a kan sirdin fatar nan, yana shafa shi da babban yatsa, bai ɗauke ba sai da aka ja keken daga ƙarƙashinsa.

A makon farko ya faɗi. Sarƙar sabon a buɗe take, ta cafke gefen babbar rigarsa a gangaren rafi. Ya damƙe birki yadda ya saba damƙe na ƙarfe, wannan kuwa kamawa yake nan take, ya wurgar da shi ta gaba. Aka kawo shi gwiwa a kumbure, riga a yage. Ya ce wa maƙwabta akuya ce ta gitta.

Ba a ce ba a yi ƙoƙari ba. Na ce ya riƙa naɗe rigar, ya ce shi da furfurarsa ba zai bi gari da ƙwauri a waje ba. Amininsa mai gyara ya yanko kwano ya yi wa sarƙar murfi, Baba ya sa aka cire, wai Babana zai gani a hoto ya ce an raina kyautarsa. Muka ɗauko masa ɗan zemijan, ya je sau ɗaya ya dawo rai a ɓace.

"Ina gaisuwa, yaro yana waje yana murza mashin. Gaisuwar da ake jiranka a ƙofa ba gaisuwa ba ce. Kuma wa zai ji ni? Duk mashin kukansu ɗaya."

Mai gyara ya bi gari neman wani tsohon irin nasa, har Sotouboua ya aika. Samari sun kwashe, wasu an tura Lome. Wanda aka samo ƙashinsa a karkace yake. Ko da ma mai kyau ne na san Baba ba zai hau ba, don labari zai kai Dapaong. Da ƙafa kuwa gwiwar ba ta kai shi nesa. Sai ya zama yana tura shuɗin keken zuwa masallaci yana dafe da shi kamar sanda, ya jingine shi inda kowa zai gani, ya turo shi ya dawo. La'asar ta riƙa yi masa a kan dakali, yana fuskantar bakin lungu.

Na same shi na durƙusa.

"Baba, bari in kira jikanka. Wallahi in ya ji, gobe-gobe zai ɗoro shi a mota."

"Ki ce masa me? Kakanka ya yi kyauta yana so ya karɓe? Kin san abin da malamai suka kamanta mai yin haka da shi, kare mai komawa ga amansa."

"Ba kai za ka karɓa ba, shi zai kawo."

"Ya yi abin alheri a gaban mutane, an sa masa albarka. Ki je ki gaya masa alherinsa ne ya zaunar da ni? Maraya ne. In kika faɗa masa, da bakinki ko da bakin wani, ban yafe ba."

Bai taɓa yi mini irin wannan furuci ba, ko lokacin ƙuruciyata da na fi kowa rashin ji. Na tashi na shiga madafa na yi kukana. Ƙannena ma ya ɗaure su da magana ɗaya. Muka zama gida guda cike da manya, kowa ya san ciwon, kowa ya san maganin yana Dapaong a jingine, ba mai iya buɗe baki.

In jikan ya kira a waya, Baba yakan gyara murya.

"Tsoho, yaya sabon belo, keken naka?"

"Kai, Babana, ai iska ne! Jiya har na wuce wani ɗan zemijan."

"Na gaya maka! Naka ma yana nan, duk Dapaong ba irinsa. In mun fita Lahadi har tsayawa ake a kalla."

"Madalla. Ka riƙa sa masa mai."

In an kashe wayar sai ya daɗe yana riƙe da ita a cinya.

Abin da ba zan manta ba ya faru ana jibi jikan zai zo hutu. Na fito da safe na tarar da Baba a zaure ya kwantar da shuɗin keken a kan tabarma, tabarau a hanci, reza a hannu. Sabuwar taya tana da wasu 'yan gashin roba a jikinta, waɗanda hanya ke cinyewa in ana hawa. Nasa suna nan cur. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa. Da ya gama ya ce in ɗebo jar ƙasa in shafa a ƙafafun. Na ɗebo na shafa. Jikan ya zo ya ga keke da ƙura, ya ji daɗi, ya ce Tsoho ya zama ɗan zamani.

Zama ya ci Baba a hankali. Ƙafar da ta saba juya feda ta kumbura, ta sandare. Daga masallaci ya koma salla a zaure, daga zaure ya koma ɗaki. Likita ya faɗi sunayen cututtuka, kuma ban musa ba, tsufa ne, kwana ne ya ƙare. Ba na cewa keke ya kashe mahaifina, Allah ya tsare ni da wannan magana. Abin da na sani shi ne mutumin da gari ke kira kullum ya yi ƙarshen rayuwarsa ba wanda ya kira shi, su kuma can suna zaune suna zaton ya yar da su. Ko a makonsa na ƙarshe, in la'asar ta yi, sai ya ce in buɗe taga.

To, ranar makokin, bayan tsohuwar nan ta gama magana, jikan ya fita zaure. Na bi shi. Na same shi a tsugune gaban shuɗin keken yana shafa tayar da yatsa. Zanenta bai ci ba ko kaɗan, ga kuma gurbin reza a jere, wani wurin har ta ɗan shiga roba.

"Goggo, tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ya ce bai yafe ba."

Bai yi ihu ba. Ya kifa goshinsa a kan sirdin, kafaɗunsa suna rawa. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, kuma na faɗa, amma maganar ba ta shiga ko'ina ba.

Bayan sadakar bakwai ya koma Dapaong, ya dawo da baƙin keken a saman mota. Wallahi ban taɓa ganinsa da kyau haka ba, ko a ƙuruciyata. An sake masa fenti, ƙarafunan suna ɗaukar ido, sirdin ya sha mai. Ya kula da shi fiye da yadda ya yi alkawari. Ya sa babbar rigar kakansa, ya sayo goro ya ɗaure a kariya.

"Goggo, nuna mini hanyar. Zan je in gaya musu bai yi fushi da su ba."

Na lissafa masa 'yan gidajen da na sani, na waɗanda suka zo ta'aziyya suka faɗi unguwarsu. Sauran fa? Waɗanda ba su iya tasowa ba, waɗanda ko labarin rasuwar bai kai musu ba? Na tambayi ƙannena, na tambayi mai gyara, na tambayi liman. Kowa ya san gida ɗaya ko biyu. Sai na ce masa ya yi yadda Baba ke yi, ya bi lunguna a hankali, masu bukata za su ji su kira.

Ya fita bayan la'asar. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana, wani abu yana damuna, ban san mene ne ba. Sai da ya ɓace na gane abin da ke damuna. Ban ji komai ba. Keken ya wuce sumul kamar an ja zare. Wajen gyara, mai gyaran Dapaong ya ɗaure murfin tayar baya tam, ya sa sabon noti.

Ana kiran magariba ya dawo, ƙunshin goron yana nan yadda ya ɗaure shi.

"Goggo, na zaga har gangaren rafi, na hau ta bayan kasuwa. Samari sun tare ni suna tambaya ko na sayarwa ne. Ban da su ba wanda ya kira ni."

Na gaya masa labarin kukan, da faɗan Inna, da tuwon da aka ƙi ci. Shi yana jin ƙarar tun yana ƙarami, ya ɗauka lalacewa ce.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa taurin kansa, Ka karɓi sawunsa na kowace la'asar, Ka yalwata masa kabari, Ka sada shi da Inna da yayanmu cikin rahama. Waɗanda ke zaune a bayan katanga suna zaton ya manta da su, Kai ka san ƙofofinsu, mu ba mu sani ba.

Hutun jikan ya kusa ƙarewa, amma har yau da safe yana zaure. Ya kifa keken ƙafafu sama, ya ari sifana wurin mai gyara, yana sassauta notin kaɗan-kaɗan. Sai ya juya tayar da hannu, ya kasa kunne, ya ɗago ya dube ni.

"Goggo, haka yake yi?"

Na saurara. Ƙara ce, amma ba ita ba ce.

"A'a," na ce.

Ya sunkuya ya sake kama notin.